An amince da I-140, amma bizar aiki ta Amurka shiru

Malam, ka ce an amince da I-140 ɗinka, wato takardar da mai ɗaukarka aiki ya shigar don nema maka bizar zama, a rukunin EB-3 na ƙwararru da sauran ma'aikata, amma har yau ba kira. Layi kake ciki. Amurka na bayar da bizar zama ta hanyar aiki kusan 140,000 a shekara, kuma kowace ƙasa kashi 7 cikin ɗari ne iyakarta. Ranar shigarka layi ita ce ranar da Ma'aikatar Ƙwadago ta karɓi takardar PERM, wadda mai ɗaukarka aiki ya shigar don nuna ba a samu ma'aikaci a Amurka da zai yi aikin ba. Duk wata ka duba Visa Bulletin, jadawalin ranakun layi da Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ke fitarwa: sai ranarka ta riga wadda aka rubuta kafin a ba ka biza. Wajen iyakar kowace ƙasa, ƙasar haihuwa ake dubawa, ba fasfo ba. Nan mutane da yawa ke kuskure. Ranar da ke cikin Visa Bulletin kan ja baya ma, kada hankalinka ya tashi. In za ka sauya wurin aiki, don Allah ka fara ganin lauyan shige da fice.