Shin azumi yana cike kogon haƙori?

Tambaya: Likita, ni ma'aikacin lafiya ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Yayana yana da kogo a turmin haƙorinsa na ƙasa. Ya ga bidiyo a WhatsApp wai azumi yana tayar da otofaji, haƙori ya gyara kansa. Ya daɗe yana Litinin da Alhamis, ciwon ya lafa, amma jiya kuncinsa ya kumbura. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Malam, gara da bai kwanta ba. Ka kai shi wurin likitan haƙori yau.

Otofaji gaskiya ne. Shi ne yadda ƙwayar halitta takan tattara kayanta da suka lalace ta narka su ta sake amfani da su, kamar maƙeri da tsohuwar fartanya. A kan wannan Yoshinori Ohsumi na Japan ya samu kyautar Nobel a 2016, kuma a kan yis ya yi bincikensa. A baki, ƙwayoyin dasashi da na ɓargon haƙori suna dogaro da otofaji wajen jure kumburi da ƙarancin iskar oksijin. Mafi yawan aikin dai yana ɗakin gwaji da jikin ɓeraye.

Amma mai rai ne ke yin otofaji. Farin ɓawon haƙori ba shi da ƙwayar halitta ko ɗaya, waɗanda suka gina shi sun ƙare tun ranar da haƙorin ya tsiro. To wa zai yi cikon? Ladan azumi yana nan wurin Allah, kogo kuma yana nan a turmi.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne "ai ya daina ciwo, ya warke". Kullum sai na ji ta. Haƙori mai kogo in ya yi shiru haka kawai, sau da yawa jijiyar ce ta mutu, mugunya ta gangara saiwa tana neman hanya. A daidai nan masu cire "tsutsar haƙori" ranar kasuwa suke cin kuɗin mutane: a turara hayaƙi, a nuna maka ɗan farin abu a kwano, ka koma gida kana godiya. Wani ma ruwan batir zai ɗiga maka, dasashi ya ƙone. Yanzu kuma an samo kalmar Turanci an liƙa wa tsohuwar ƙarya.

Ka auna wa yayanka sukarin jini kafin ku tashi. Idan kumburin ya sauka ƙarƙashin haɓa, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiyar yawu ta gagara, kada ku jira gari ya waye, ku nufi babban asibiti ko da tsakar dare ne.