Filin Amsa Tambayoyi: Benturi da Sikimar Haɗin Gida

Wasiƙun wannan karon yawancinsu daga masu kiwon kifin ruwan gishiri ne a tankin gilashi, waɗanda suka haɗa sikima da hannunsu. Ga wanda bai santa ba, sikima doguwar silinda ce da ake cika ta da ƙananan ƙwayoyin iska. Furotin da maiƙo da sauran dattin da ya narke a ruwa su manne a jikin ƙwayoyin, su taso su zama kumfa, kumfar ta haura wuya ta zube a kofi tun dattin bai ruɓe ba. Benturi kuwa shi ne ɗan bututun da ke zuƙo iskar.

Tambaya: Na haɗa sikima da fayif ɗin PVC mai faɗin santimita 10, tsayinsa santimita 60. A jikin famfona an rubuta lita 2000 a awa. Na yi benturi da kaina, ramin tsakiyarsa milimita 10, amma maimakon ya ja iska sai ruwa ke fitowa ta tiyon iskar. A ina na kuskure?

Amsa: Malam, ramin nan ya yi wa famfonka faɗi, kuma lambar 2000 ɗin ce ta ruɗe ka. Adadin da famfo ke turawa ke nan in babu abin da ya tare masa hanya. Benturi ba yawan ruwa yake nema ba, matsi yake nema.

Sunan ya samo asali daga Giovanni Battista Venturi, masanin Italiya da ya wallafa bincikensa a 1797. Abin da ke faruwa shi ne, in ruwa ya shiga wurin da bututu ya tsuke, dole ya ƙara gudu, kuma gwargwadon ƙaruwar gudunsa gwargwadon faɗuwar matsinsa. In ka rage faɗin hanya da rabi, gudun ruwan ninki huɗu yake yi. Wurin nan mai tsukewa shi muke kira maƙogwaro. Sai matsin cikinsa ya faɗi ƙasa da na iskar waje sannan iska za ta shigo. In bai kai haka ba, ramin iskar ya zama ɓula kawai, ruwa ya bi ta nan. Abin da ya same ka ke nan.

Ka duba takardar famfon, akwai zanen da ke nuna lita nawa yake bayarwa a kowane tsayi. A ce a tsayin mita 2 yana ba da lita 800 a awa. Matsin mita 2 na iya tura ruwa da gudun kusan mita 6.3 a sakan ɗaya. Lita 800 a awa a wannan gudun na buƙatar rami mai faɗin kusan milimita 6.7. A ramin milimita 10, ko da lita 1500 ce ke wucewa, gudunta bai wuce mita 5.3 a sakan ba, ga kuma nauyin ruwan silinda yana danno shi daga gaba. Shawararmu ka fara da milimita 5.5, ka gwada, ka riƙa ƙara rabin milimita har ka ga inda iska ta fi shiga. Ka tanadi toshe biyu ko uku tun farko, wato guntun robar da ake huda ramin a jiki, don ramin da aka faɗaɗa ba ya komawa.

Siffar ma tana da nata. A benturi na ƙa'ida, mashigar ruwa tana tsukewa da kusan digiri 21, mafitar kuma tana buɗewa a hankali, tsakanin digiri 7 zuwa 15. Wannan doguwar mafitar ba ado ba ce. Ita ke rage gudun ruwa sannu a hankali ta dawo da wani kaso na matsin da aka kashe, har ruwan ya iya kutsawa cikin silinda. Wanda ya huda toshe kawai ya bar shi, ruwa ya fito ya watse lokaci ɗaya, ya yi asarar yawancin wannan ƙarfin. Ka samu sandar PVC ko akirilik mai tsawon santimita 5 zuwa 6, ka huda tsakiyarta, ka fafe bakin shiga ya yi kamar mazurari, ka gyara mafita da siririyar zarto mai zagaye, sannan ka goge ciki da samfefa mai laushi. Ɗan ƙaiƙayin roba da bakin diril ya bari yana iya ɓata aikin gaba ɗaya.

Ramin iskar, milimita 2 zuwa 3, ya faɗo daidai ƙarshen maƙogwaro, inda hanya ta fara buɗewa. In ya matsa baya zuwa mashiga, wurin matsi ne, ruwa zai fita. In ya yi nisa gaba, matsi ya riga ya dawo.

Saura nauyin ruwan da ke gaban benturin. Kowane santimita 10 na ruwan da ke samansa ƙarin matsi ne na kusan kilofaskal 1 da zai yi kokawa da shi. Kada ka sa shi a gindin silinda. Ka ɗaga shi kusa da saman ruwan, ka bar fayif miƙaƙƙe a mafitarsa, kuma kada ka taɓa sa bawul ko elbo da yawa tsakaninsa da silinda. In za ka rage ruwa, kafin ya shiga benturi ake ragewa, ba bayan ya fito ba. Gwaji mai sauƙi: ka cire shi daga jikin sikima, ka bar shi ya zuba a bokiti. In ya ja iska a nan amma ya ƙi a jikin silinda, laifin matsin gaba ne. In ko a bokitin bai ja ba, laifin maƙogwaro ne ko famfo.

Tambaya: Na sayi benturin kamfanin Mazzei, amma iskar da yake ja kaɗan ce. Wani ya ce in mayar da shi bakin da famfo ke shan ruwa. Haka ne?

Amsa: A'a, ranka ya daɗe, ba wurinsa ba ne. Na Mazzei, irin su 384 mai rabin inci da 584 mai inci uku bisa huɗu, an yi su ne don su zauna bayan famfo mai matsi. Maƙogwaronsu ƙarami ne, kuma ƙananan famfunan da ake nutsarwa a tanki, masu tsayin mita ɗaya ko biyu, da ƙyar suke motsa su. Ka fara duba kibiyar da ke jikinsa, don ana yawan juya shi. In daidai yake, ka kwatanta teburin da kamfanin ya bayar da zanen famfonka.

Benturin da ake sa wa a bakin famfo wani iri ne daban, mai faɗin rami, kuma abokin tafiyarsa farfela ce, wato fankar da ke juyawa cikin famfo, mai allurai wadda ke daddatsa iska. Farfela ta yau da kullum in ta sha iska da yawa sai ta riƙa ƙara, ruwa ya yanke, wani lokaci ta ƙi tashi bayan an kashe ta.

Tambaya: Sikimata ta yi wata biyu tana aiki lafiya, yanzu kumfa ta ragu, ruwan silinda ya daina yin fari kamar madara. Ban canza komai ba.

Amsa: Hajiya, kusan kullum ramin iska ne ya toshe. A daidai inda busasshiyar iska ke haɗuwa da ruwan gishiri, ɗan feshin da ke komawa baya yana bushewa ya bar gishiri, a hankali kalsiyam kabonet ya daskare a kai. Rami ne na milimita 2, ba ya buƙatar abu mai yawa.

Gishirin ba wuya. Famfo na aiki, ki tsoma bakin tiyon iska a rabin kofi na ruwa mai ɗumi marar gishiri, irin tataccen da kike ƙara wa tanki, ki bari ya zuƙe. Sau ɗaya a mako ya isa. Ki lura da kofin sikima a lokacin, don ruwan silinda yakan yi tsalle na ɗan lokaci. Abin da ya daskare kuwa ruwa ba ya narkar da shi. Sai an kwance benturin an jiƙa shi a ruwan khal na awa biyu zuwa uku, a goge da ƙaramin burushi ko tsinke, a ɗauraye sosai. Kada a sa ƙusa ko waya, suna faɗaɗa ramin. Shi ya sa muke matsa wa masu haɗi su sa mahaɗa mai kwancewa gaba da bayan benturi. Wanda ya like shi da gam ya rufe wa kansa hanyar gyara.

Ki duba famfon ma. Farfelar da ta yi datti, ko ragar bakinsa da ta toshe, tana rage matsi, iska kuma ta ragu fiye da yadda ruwan ya ragu. Don ki riƙa sanin halin da ake ciki, ki cika ledar da kika san girmanta da iska, ki ɗaure ta a bakin tiyon, ki ƙirga. Ledar lita 5 da ta motse a sakan 60, iska lita 300 ke nan a awa. Ki rubuta lambar ranar da kika wanke komai, ita ce ma'auninki na gaba.

Tambaya: In wuta ta ɗauke, ruwa na biyo tiyon iska ya zuba a ƙasa. Kuma ƙarar zuƙar tana hana barci. In sa bawul mai hana komawa?

Amsa: Ba mu ba ka shawarar haka ba. Irin wannan ƙaramin bawul yana cin iska, gishiri kuma na liƙe shi ya tsaya a buɗe ranar da ake buƙatarsa. Ka ɗaga bakin tiyon ya wuce mafi tsayin inda ruwa zai iya kaiwa, har sama da kofin, ka ɗaure shi a nan. Ka tuna ruwan tankin ƙasa, wato tankin da ke ƙarƙashin na kifin inda sikima ke zaune, yana ƙaruwa in famfo ya tsaya, don haka ka kashe wuta da kanka ka ga inda zai tsaya.

Ƙara kuma, ƙaramar gorar roba mai murfi ta isa: tiyon benturi ya shiga ta rami ɗaya, iska ta shigo ta wani ramin da ya fi shi faɗi, a sa ɗan soso marar matsewa a ciki. In tiyon ya haura mita ɗaya, ka yi amfani da mai faɗin ciki milimita 6 maimakon 4. Abu biyu ne ba a wasa da su a nan. Kada tagulla ko jan ƙarfe ya taɓa ruwan, ko ɗan nono ne na haɗa tiyo, domin yana kashe murjani da jatan lande. Kuma duk abin da ke cikin iskar ɗaki, maganin sauro na feshi, hayaƙi, turare, warin fenti, benturi zai kai shi cikin ruwa kai tsaye. A kashe sikima kafin a yi feshi, ko a ja tiyon zuwa waje.

Tambaya: Sabuwar sikimata tana jan iska sosai, amma kumfa ba ta tsayawa a wuya, ƙananan ƙwayoyin iska kuma suna komawa tanki.

Amsa: Na farkon haƙuri yake so. Sabuwar roba tana da maiƙon masana'anta da ragowar gam, kumfa kuma ba ta shiri da su. Mako ɗaya zuwa biyu ake yi kafin bangon ciki ya yi yauƙin da kumfa ke hawa. Ka tsayar da ruwan daidai ƙasan wuya da bawul ɗin mafita, kana murɗawa kaɗan kaɗan, ka jira rabin awa kafin ka sake taɓawa. Bawul mai murɗawa kamar kan famfo ya fi mai hannu ɗaya sauƙin saiti. Tsayin ruwan da sikimar ke zaune a ciki ma kada ya riƙa hawa da sauka. Kumfa takan kwanta na ɗan lokaci bayan an ba kifi abinci ko an sa hannu a tanki, wannan ba matsala ba ce.

Na biyun lissafi ne. Silinda mai faɗin santimita 10 da lita 800 ke ratsawa a awa, ruwanta na gangarowa da gudun kusan santimita 2.8 a sakan, kuma sakan 21 kacal yake yi a tsayin santimita 60. Ƙwayar iska mai milimita 1 tana tashi da sauri fiye da haka, amma ƙanana sosai ruwa ke janye su ƙasa. In ka koma faɗin santimita 15, gudun ya faɗi zuwa kusan 1.3, zaman ruwan ya kai sakan 48. In ba za ka sake silinda ba, ka shigar da ruwan ta gefe yadda zai riƙa zagaye, mafita ta kasance can gindi, sannan ruwan da ya fito ya bi ta tsakanin allunan raba tankin ƙasa kafin ya isa famfon da ke mayar da shi sama.

Tambaya: Zan iya sa ta a tankin kifin ruwan daɗi?

Amsa: Benturin zai ja iska, ruwan zai samu iskar shaƙa, amma kada ka sa ran kofi zai cika. A ruwan teku, mai gishiri kusan giram 35 a kowace lita, gishirin ke hana ƙwayoyin iska haɗewa, su zauna ƙanana. A ruwan daɗi suna haɗuwa nan take su zama manya, su fashe a sama. Sai a wuraren da datti ya yi yawa ƙwarai, kamar tafkin da aka cika da kifi, ake samun kumfar da ta tsaya. A tankin gida, matata mai soso da canjin ruwa a kan kari sun fi maka amfani.