Ka Fara Riƙe Almakashi Tukuna

Ɗana, na ji maganar da ka yi mini shekaranjiya muna naɗe yadi bayan la'asar. Ka ce Azumin bana ka tara riyal 9,000, kuma akwai wani ɗan ƙasar Saudiyya da ya ce zai buɗe shagon ɗinki da sunansa a nan Makka, bayan titin da ake kira Shara Mansur, kai ka zuba jari ka riƙe aiki, shi kuma ka riƙa ba shi wani abu duk ƙarshen wata. Ka ce in ba ka shawara, ka tafi ko ka zauna. Ban amsa nan take ba don akwai mai jiran awo, kuma ba a zancen kuɗi gaban baƙo. To ga amsa: kada ka tafi bana, in ma za ka tafi wata rana, kada ka bi ta wannan ƙofa.

A Shawwal ka yi lissafi, shi ya sa ya yi maka daɗi. Duk telan da ke Makka attajiri ne a Shawwal. Tun tsakiyar Sha'aban ake turuwa, kowane magidanci yana son farar jallabiya uku ko huɗu, ga na 'ya'yansa, kafin goma ga Azumi mun rufe littafi, daga tarawihi har sahur ƙafa na kan keke. Amma shekara huɗu kana nan, ka ga abin da ke biyo baya. Kafin babbar Sallah a ɗan motsa, alhazai su kawo ɗinkin kanti a rage musu tsawo. Muharram da Safar kuwa sai mu zauna muna shan shayi muna kallon titi, sai in an dace da komawar yara makaranta ko shigowar sanyi, masu son yadi mai duhu su leƙo. Mai gidan haya bai san Safar ba, kuɗin wata shida yake karɓa tun kafin ka shiga. Ga wuta, ga sabunta igama, wato takardar izinin zama, ga harajin kashi 15 cikin ɗari da ake ɗorawa kan kowane yadi da zare tun watan Yulin 2020. Raba dubu taran nan gida goma sha biyu, 750 za ka gani. Wannan shi ne ainihin abin da ke hannunka.

Sai maganar hannunka, kuma a nan zan daɗe. Ɗinkinka ya miƙe, ban taɓa warware maka kalmasa ba tun bara, aljihun gefe ma kana fitar da shi tsaf. Amma duk abin da ka ɗinka, ni na yanka na miƙo maka. Farar jallabiya ba ta rufa wa tela asiri. Babbar riga tana da yalwa, in ka kuskure sai aiki ya ɓoye. Wannan kuwa jiki take bi, kuma fari ne ƙal. Mutum mai tumbi in ka yanka masa gaba da baya daidai, gaban zai ɗage sama kamar ya aro ta. Wani kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya sauka, shi kansa bai sani ba, tef ba zai gaya maka ba, ido ne zai gani tun yana shigowa. Wuyan gallab, wato mai kwala irin ta shat, in ya matse da rabin yatsa, mai shi ba zai yi faɗa ba, zai biya ka ya yi godiya, ba za ka sake ganinsa ba. Kuma yadin Japan irin su Toyobo ba abin gwaji ba ne; ka ɓata mita huɗu, daga aljihunka za a biya.

In ka buɗe shago yau, dole ka ɗauko mai yanka, Bayamale ko ɗan Pakistan ko ɗan Bangaladash, kuma shi zai faɗi kuɗinsa. Ranar da ya tashi, masu kawo ɗinki su bi shi, don mutum wanda ya san awonsa yake bi, ba ruwansa da allon da ke bakin ƙofa.

Shi kuwa wannan tsari da mutumin ya kawo maka, sunansa tasattur, kuma laifi ne a dokar ƙasar nan. Hukuncinsa yana kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5, baƙo kuma a tasa ƙeyarsa gida. Da can ana yi ana sha, yanzu kuɗi ta na'urar Mada, ta biya da katin banki, suke shiga, kowane ciniki da sawunsa. Amma ajiye hukuma gefe, bari in ba ka nawa labarin. Ina saurayi kamarka na yi wannan a Jidda. Mutumin kirki ne, bai taɓa cin sisina ba. Shekara shida ina biyansa, na sayi keken Juki uku da na wibin ɗaya da gumina. Da Allah ya yi masa rasuwa, magada suka zo da takarda: shago na mahaifinsu ne, da duk abin da ke ciki. Kuma a takarda gaskiyarsu ne. Wa zan kai ƙara, in ce da alƙali me? In ce mun haɗu ni da mamaci mun karya doka? Almakashina da tef kawai na fita da su. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Saboda haka da ka ce mini mutumin yana da amana, ban musa ba, nawa ma yana da ita.

Akwai wani rami da sababbin shaguna ke faɗawa, gara ka san shi tun yanzu: kafin alƙalami, abin da Larabawa ke cewa arbun. Kuɗi ya taru a akwati tun ba a zare allura ba, sai yaro ya ɗauka nasa ne, ya biya haya da shi, ya canza waya. Daren Sallah mutane ashirin na tsaye a ƙofa, yadin goma bai ma saya ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ka lura ni ambulan daban nake sa shi, ba na taɓawa sai riga ta bar shago a hannun mai ita.

Wani abu kuma da ba lallai mai shagon nan ya so in gaya maka ba, amma haƙƙinka ne. Dokar ƙwadago ta ba ka kuɗin sallama: rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, bayan nan cikakken wata. In kai ka ajiye aiki tsakanin shekara biyu da biyar, sulusinsa kawai za ka samu. Daga biyar zuwa goma, kashi biyu cikin uku. Kai kana ta huɗu. Ka buɗe Qiwa, manhajar gwamnati ta harkokin ƙwadago, a wayarka ka karanta kwantiraginka, ka ga yaushe yake ƙarewa da nawa aka rubuta maka, don da abin da aka rubuta ake lissafi. Kuma tun Maris 2021 ma'aikaci yana iya komawa wani wurin aiki bayan shekara guda ba sai kafili, wato wanda ya ɗauke shi aiki, ya yarda ba, in ya cika sharuɗɗa. In wani shago ya ba ka fiye da nan ta hanyar da ta dace, ni da kaina zan raka ka.

To, kuɗin fa? Ware abin da zai ci da kai wata uku, ka bar shi a banki da sunanka, ka manta da shi. Na Inna ka yanka mata abu tsayayye duk wata, ko kaɗan ne. Ya fi ka tura da yawa a Shawwal ka yi shiru har Rajab, 'yan uwa kuma su ɗauka haƙar riyal kake a Makka. Sauran kada ka yi saurin mai da shi naira. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75, tun 1986, ka kuwa ga abin da ya sami naira daga Yunin 2023. Waɗanda suka tura kuɗi aka ajiye musu a gida don gini sun tarar ko rabin bulon ba ya saye. In zinare ya ba ka sha'awa, sayi ɗan curi, ka bar sarƙa da awarwaro, don kuɗin ƙira ba ya dawowa ranar sayarwa. Ka kuma adana rasit. Adashi ba laifi, in da mutanen da ka san inda suke kwana.

Shagon da za a rubuta sunanka a takardarsa, ina ganin a gida yake. Masu son ɗinkin Saudiyya a Kano da Kaduna da Sakkwato suna da yawa, yadi kuma ga shi a Kantin Kwari. Amma wanda ya iya yanka ne zai ci wannan kasuwa.

Gobe ka riga kowa zuwa. Akwai ragowar yadi mai araha a ƙasan teburina, ga alli, zan ba ka tsohon almakashina, wanda na fito da shi daga Jidda. Ni za ka fara aunawa, ga tumbi ga karkatacciyar kafaɗa, kuma duk yadda ta fito da ita zan je Juma'a.