Shatin cizo a hannun yaro, za a iya riƙe kishiya da shi?

Tambaya daga Aboabo, Kumasi: Salamu alaikum Malam, na dawo daga kasuwar Kejetia na tarar da shatin haƙora a damtsen yarona ɗan shekara 3, kuma a tsakiyar shatin akwai ɗan fili, kishiyata kuwa wushirya gare ta. Ta rantse ba ita ba ce, amma ƙanina yace a Turai da shatin cizo ake kama masu laifi. Shari'a ta yarda in riƙe ta da wannan?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba yaro lafiya. Amsar a taƙaice a'a, bai halatta ki ɗora mata laifin da wannan kaɗai ba.

Alama irin wannan malamai suna ce mata ƙarina, kuma shari'a bata yi watsi da ita ba, Suratu Yusuf ma ta isa, rigar da aka yage ta baya ita ta wanke Annabi Yusuf (AS), kuma Ibn Farhun a cikin malamanmu na Malikiyya da Ibnul Ƙayyim duk sun yi dogon bayani cewa alƙali zai iya aiki da ita. To amma ƙarina hawa hawa ce. Riga in ta yage ta baya gobe ma ta bayan take, fata kuwa miƙewa take yi ta kumbura, ga yaro yana fizgewa lokacin da ake cizonsa, abinda kika gani da la'asar ba shi za ki gani da safe ba, kuma ki leƙa layinku ki ƙirga masu wushirya, har yaran da haƙoransu na gaba suka faɗi suma fili suke bari.

Ƙaninki rabin labarin ya ji. Gaskiya ne a 1979 shatin cizo yana cikin hujjar da kotu ta kama Ted Bundy, wani mai kisan mata, da laifi da ita a Amurka. Amma a can ɗin dai aka yanke wa Ray Krone hukuncin kisa a 1992 saboda wani likita yace haƙoransa masu karkata sun dace da cizon da ke jikin wata mata da aka kashe, bawan Allah ya yi shekara 10 a kurkuku sai a 2002 gwajin DNA ya nuna wani ne daban. A 2009 babbar cibiyar kimiyyar ƙasar ta fitar da rahoto cewa babu hujjar ilimi da ta tabbatar za a iya ware mutum ɗaya a ce shi ne mai cizon. Masu awo da kyamara kenan fa, balle ke da ido da zuciyar da dama akwai ƴar tsama a ciki, ki yi haƙuri da na faɗi haka.

Kada a haɗa wannan da gane gawa ta haƙori, shi wannan aiki ne mai ƙarfi don haƙori yafi komai tauri a jiki, yana jure wuta da ruwa, da shi aka gane gawarwaki da yawa a Tailan bayan igiyar ruwan tsunami ta 2004. In musiba ta zo irin ambaliya da gobarar gidan mai ta Circle a Accra ranar 3 ga Yunin 2015 da mutum sama da 150 suka rasu wasu sun ƙone, ya halatta likita ya duba bakin mamaci don iyalai su sallaci nasu, bada wulaƙanci ba kuma iya buƙata. A Uhudu ma Anas bin Nadr (RA) ƴar'uwarsa ce ta gane shi da kan yatsunsa. Matsalarmu dai mu bama zuwa wurin likitan haƙori sai ciwo ya hana barci, to da wane tsohon hoton haƙoran mamacin za a gwada?

Mu dawo kanki. Ƙa'ida ita ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kan wanda ya musa, ita ta rantse ke kuma baki da shaida, don haka ki kame bakinki, in kin riga kin faɗa wa maƙwabta ki koma ki gyara. Amma haƙƙin yaro bai faɗi ba, cizo zalunci ne ko waye ya yi. Ki kai shi asibiti yau ɗinnan don bakin mutum datti gare shi kuma cizonsa yana saurin ruruwa, kafin ku fita ki ɗauki hoto da waya da rula a gefen shatin. Abinda likita zai iya taimaka miki da shi shine faɗin bakin, na babba tsakanin fiƙa da fiƙa yakan kai santimita 3 ko fiye, na ƙaramin yaro baya kaiwa, kuma a gidan haya mai yara goma ni tanan zan fara nema. In ya nuna na babba ne, ko kika sake ganin wani tabo, maigida ya zaunar da kowa a gaban liman ko sarkin zango, in abin yaƙi ci akwai ofishin DOVVSU na ƴan sanda, masu kula da cin zarafi a cikin gida. Wallahu a'alam.