Bambancin Iko, Mulki da Sarauta

Malam, ka tambaya ko iko, mulki da sarauta abu ɗaya ne. A'a, ba ɗaya ba ne.

Iko shi ne damar zartar da abu. Uba yana da iko a gidansa, muna kuma cewa "ikon Allah" in abu ya fi ƙarfinmu. Mulki kuwa daga Larabci ya zo, yana nufin tafiyar da jama'a: mulkin soja, mulkin mallaka, mulkin kai da Najeriya ta samu a 1960. Sarauta ta gargajiya ce, da rawani da naɗi, kamar Galadima ko Madaki.

Kalmar da na fi so ita ce izza, wadda ake gani a fuskar sarki ko bai ce uffan ba. Mutum na iya riƙe mulki amma ba shi da ita.