Yadda za ka yi hasashen "ci ko faɗi" a cikin Excel

Tambaya: Malam, ina da ɗalibai 120 a Excel, kowanne da awannin da ya yi karatu da sakamakonsa: 1 in ya ci, 0 in ya faɗi. Na ja layin Trendline, sai ya ba wani 1.2, wani kuma ƙasa da sifili. Ina matsalar take?

Amsa: Miƙaƙƙen layi bai dace da sakamako mai fuska biyu ba, domin yiwuwar abu ba ta wuce 1, ba ta kuma gaza 0. Kana buƙatar logistic regression, mai lanƙwasa kamar harafin S. Excel ba shi da maɓallinsa, amma Solver, wani ƙarin kayan aikin Excel da ke laluben lambobin da suka fi dacewa, zai yi aikin.

A ce awanni suna shafin A, sakamako a B, daga layi na 2 zuwa na 121. Sa 0 a F1 da F2, lambobi biyun da ke tsara lanƙwasar, waɗanda Solver zai nemo. A C2, inda yiwuwar cin ɗalibi za ta fito, rubuta:
=1/(1+EXP(-($F$1+$F$2*A2)))
A D2 kuma, don auna yadda hasashen ya dace da ainihin sakamakon:
=B2*LN(C2)+(1-B2)*LN(1-C2)
Ja su biyun zuwa ƙasa, sannan a F3 ka sa =SUM(D2:D121). Tsaya ka duba: dole F3 ta nuna kusan -83.18, tunda kowa yana kan 0.5 yanzu. In ba haka ba, akwai kuskure a rubutun.

Kunna Solver ta File, Options, Add-ins, sai ka same shi ƙarƙashin Data. Zaɓi F3, danna Max, ba shi F1:F2 ya sauya, ka ɗauki GRG Nonlinear. Ga inda mutane da yawa ke tuntuɓe: akwatin Make Unconstrained Variables Non-Negative yana zuwa da alama. Cire ta. In ka bar ta, F1 ba za ta iya sauka ƙasa da sifili ba, alhali a irin bayananka can ya kamata ta je, sai ka samu amsar banza ba tare da wani gargaɗi ba.

Idan #NUM! ya fito, wata yiwuwar ce ta kai 0 ko 1 cif, LN kuma ba ya karɓar sifili. Yakan faru in lambobin A manya ne. Raba su da 10 ko 100, ka mayar da F1 da F2 sifili, ka sake. Idan kuwa F2 tana ta hauhawa ba tsayawa, wataƙila duk wanda ya wuce wasu awanni ya ci, duk wanda bai kai ba ya faɗi. Nan ƙarin bayanai ne magani.

=EXP(F2) zai nuna sau nawa rinjayen ci a kan faɗi yake ninkuwa da kowace ƙarin awa (ko awa 10 ko 100, in ka raba lambobin A). Solver ba ya ba da ma'aunin kuskuren waɗannan lambobi, don haka in rahoton bincike ne, ka sake lissafin a manhajar ƙididdiga irin su R ko SPSS.