Ja ko bulu? Maɓallin da ya haɗa ni faɗa da uwargida

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. Don Allah ka raba mana gardama. Shekaranjiya a majalisarmu wurin mai shayi nan Ƙofar Ƙaura wani ya karanto mana wani abu a waya, wai a ce an ba kowane mutum a duniya maɓalli biyu, ja da bulu, kowa zai danna ɗaya a ɓoye. In sama da rabin mutane suka danna bulu kowa ya tsira, in ba su kai ba duk wanda ya danna bulu mutuwa zai yi, mai ja kuwa ko mi ya faru babu abin da zai same shi. Ni nan take na ce ja, ai wannan ba sai an yi istihara ba. Da na koma gida na gwada ma uwargida sai ta ce bulu, da ta ji nawa kawai ta aje ludayi ta ce ashe haka zan bar ta ta mutu ita da yara. Tun ranar gaisuwa ma da ƙyar. Ni fa ayar Baƙara ta 195 na kawo mata, kada ku jefa kanku cikin halaka. Laifi na yi?
Mai karatu daga Katsina

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Sai da na yi dariya kafin na ɗauki biro, don ni ma yarona ya kawo min wannan maɓallin har gida.

Lissafinka bai ɓata ba, in kowa da kowa ya danna ja babu mai mutuwa, to amma matsalar tana cikin kowa da kowa ɗin nan. Ka ɗauka mutum 100 ne. Kafin ja ya fitar da kowa sai duk 100 ɗin sun danna shi ba a rasa ko ɗaya ba, shi kuwa bulu 51 sun isa. To yaushe ka taɓa ganin mutum 100 sun haɗu a kan magana ɗaya a garin nan, ko ganin watan sallah ai sai an samu masu cewa su ba su yarda ba, balle an ce kowa a duniya, har da ɗanka ɗan shekara huɗu da zai danna bulu saboda kalar ta yi masa kyau, da tsohuwa da idonta ya yi rauni, da wanda bai ma fahimci tambayar ba. Su ne uwargida ta hango shi yasa ta aje ludayin.

Ayar da ka kawo gaskiya ce kuma ba zan ce maka mugu ba, rai abin so ne. Amma duba annobar Amwas a ƙasar Sham, shekara ta 18 bayan hijira. Sayyidina Umar yana hanya ya ji labari ya juya da mutanensa Madina, Abu Ubaida ya ce gudun ƙaddarar Allah za ka yi, Umar ya ce eh, daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Abdurrahman bin Auf ya zo da hadisi, in kun ji annoba a gari kada ku shiga, in ta same ku a ciki kada ku fita gudunta. Umar yana waje sai ya koma. Abu Ubaida jama'arsa na ciki sai ya zauna da su, kuma annobar ce ajalinsa. Babu wanda aka zarga a cikinsu. Kai kuma tunda matarka ta riga ta faɗa maka bulu ta danna, ai ba a waje kake ba malam, a ciki kake.

Kuma ba a zamanin da kaɗai ba. A Yulin 2014 Patrick Sawyer ya sauka Legas daga Laberiya da cutar Ebola, ya matsa sai an sallame shi daga asibiti, likita Ameyo Adadevoh ta ƙi. Ta kamu, ta rasu 19 ga Agusta. Mutum 20 suka kamu a duk Najeriya, 8 suka mutu, ka yi tunanin da ya fita ya shiga kasuwa ko tasha.

Ni bulu zan danna. Amma in faɗa maka gaskiya faɗin hakan a waya ba ya cin ko kwabo, da yawa masu ihun bulu a Facebook in an ce a fito sintirin dare a unguwa ko a ba da jini a asibiti wayarsu a kashe take, kuma na san masu cewa ja da su ne farkon shiga da bokiti in gobara ta tashi a gidan maƙwabci. Don haka kada majalisarku ta fara rarraba mutanen kirki da na banza da wannan.

Batun uwargida kuwa, ba lissafi ta tambaye ka ba, so take ta ji ko za ka tsaya inda ta tsaya. Kada ka koma mata da 51 da 49 ɗin nan. Ka biya ka sayo balangu mai zafi, ka bari yara su yi barci, ka ce mata da ka danna ja ba ka san tana cikin masu bulu ba.